Wuƙa Mai Tsada da Aljihun Mai Ita

Akwai wata mas'ala da ma'abota wuƙaƙen aljihu na gargajiya suke ta ja-in-ja a kanta yau a ƙasashen Turai da Amurka, wadda da an kai ta gaban kakanninsu, ko ma gaban namu kakannin, da sai an daɗe ana yi musu sharhi kafin su gane inda aka dosa. Mas'alar ita ce: mutumin da ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi wuƙa irin wadda ake naɗewa, aikin hannu, mai ƙotar ƙaho ko ƙashi ko icce mai daraja, shin abin da ya dace da shi ya jefa ta aljihu kullum safiya tare da makullai da sulalla, ya yanke igiya da ita, ya fere lemo, ya buɗe ƙunshi, ko kuwa ya shafe ta da mai, ya naɗe ta a ƙyalle, ya rufe a akwati, ya nemi wata mai araha ta riƙa yi masa hidimar yau da gobe? Na ga mutane masu hankali da shekaru sun rabu biyu a kan wannan, kowane ɓangare da hujjojinsa, kuma da na yi nazarin hujjojin sai na tarar cewa ba za a iya yanke hukunci a kansu ba sai an waiwaya an ga yadda wuƙa ta tashi daga zama kayan aikin kowa da kowa ta koma abin zargi a wajen hukuma, kuma abin taskancewa a wajen mawadata.

Bari mu fara da wadda ta fi shahara a cikin masu tsadar, wato wuƙar Laguiole. Laguiole wani ƙauye ne a kan tudun Aubrac, a kudancin tsakiyar Faransa, ƙasa mai sanyi da iska da yalwar ciyawa, wadda mutanenta tun fil azal makiyayan shanu ne masu yin cuku. Masu tarihin garin suna danganta farkon wannan wuƙa ga wani maƙeri, Pierre-Jean Calmels, wajen shekarar 1829, kuma duk wanda ya bi tarihin siffarta zai ga cewa babu wani abu da aka ƙara mata a farkon rayuwarta face sai da buƙata ta tilasta. Wajen 1840 aka sanya mata wani tsinken ƙarfe a bayan ƙota, domin saniya idan ta ci ɗanyar ciyawa mai raɓa ta ƙoshi, cikinta kan kumbura da iska har numfashi ya gagare ta, kuma makiyayin da ke can saman tudu, nesa da kowane likitan dabbobi, ba shi da dabara sai ya huda tumbinta iskar ta fita, in kuwa ya yi jinkiri ya yi asarar dukiyar ubangidansa. Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna da Fulani a farkon damina. Wajen 1880 kuma, da talauci ya kori samarin Aubrac zuwa Paris, inda suka shiga sayar da gawayi da aikin gidajen shan shayi da abin sha, sai aka ƙara mata murɗaɗɗen ƙarfe na cire toshiyar kwalba. Ashe ke nan wuƙar da a yau ake sanya wa safar hannu kafin a taɓa ta, an haife ta ne tsakanin kashin shanu da buhunan gawayi, kuma mutumin da ya fara ɗaukar ta da ita yake yanka burodinsa, da ita yake gyara ragamar dabbarsa, sa'an nan ya goge ta a jikin wandonsa ya mayar aljihu.

Haka labarin yake ko'ina aka duba. A garin Thiers, inda ake ƙera mafi yawan wuƙaƙen Faransa, masu wasa wuƙa sun yi ƙarnoni suna aiki a kwance rub da ciki a kan katako, a bisa manyan duwatsun da ruwan kogin Durolle ke juyawa, wasunsu ma har da kare kwance a kan ƙafafunsu domin ya ɗumama su saboda tsananin sanyi. A Sheffield ta Ingila, inda ƙungiyar maƙeran wuƙa ta sami izinin hukuma tun 1624, masu wasa sun riƙa mutuwa da ƙuruciyarsu saboda ƙurar dutse da ƙarfe da ke taruwa a huhu. Joseph Opinel kuwa, da ya fara ƙera tasa a duwatsun Savoie a 1890, manoma ya nufa, har zuwa 1897 ya jera ta girma goma sha biyu domin kowa ya sami daidai hannunsa da daidai aljihunsa. Waɗannan bayin Allah ba su ba da lafiyarsu domin a ƙawata kabad na gilashi ba. Sun san wa suke yi wa aiki, sun kuma san abin da zai yi da shi.

Mu ma a ƙasar Hausa, ko da yake wuƙarmu ta asali ba mai naɗewa ba ce, mai kube ce, wadda maƙeri zai ƙera, baduku ya ɗinka mata gida, matsayinta a rayuwar namiji bai bambanta da na makiyayin Aubrac ba. Bafatake ba ya kama hanya babu wuƙa, manomi ba ya tafiya gona babu ita, Buzaye ma a damtse suke ɗaura tasu, kuma babu wanda yake ganin haka ya tsorata, domin kowa ya san cewa akuya tana iya faɗawa rami ko kura ta yi mata rauni a tsakiyar daji, kuma tsakanin ta zama halal da ta zama mushe babu komai sai wuƙa mai kaifi a hannun musulmin da ya iso a kan lokaci. Amma wuƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta malamin da na yi karatun allo a gabansa, Allah Ya jiƙansa da rahama. 'Yar ƙarama ce, ruwanta bai kai tsawon ɗan yatsa ba saboda yawan wasa, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi, kuma da ita yake fiƙe alƙalami. Wanda bai taɓa ganin alaramma yana fiƙe alƙalami ba, bai san iyakar abin da wuƙa take iya yi ba: zai zaɓi sillen kara wanda ya bushe sarai, ya ɗora a kan babbar yatsa, ya ɗauke masa ciki da yanka ɗaya mai gangara, ya rage gefe da gefe har bakin ya yi daidai da kaurin rubutun da yake nufi, sa'an nan ya tsaga shi kaɗan domin tawada ta sami hanya, daga ƙarshe ya datse kan a karkace. Idan wuƙar ta dakushe, karan zai tauye, rubutu ya yi gemu, harafi ya shiga harafi. Saboda haka kyan rubutun allo, har da na Alƙur'anin da mahaddata ke rubutawa da ka, yana komawa ne ga kaifin wannan 'yar wuƙa, kuma malam ba ya ba da aronta ga kowa, ba ya kuma rabuwa da ita dare da rana. Ita ce mafi daraja a cikin kayansa bayan littattafai, kuma darajarta ce dalilin da ya sa take cikin aljihunsa kullum.

To, me ya faru har al'amari ya juye? Abubuwa da yawa ne suka taru, ba su kuma zo rana ɗaya ba. Na farkonsu shi ne raguwar buƙata. Biro ya kori alƙalamin kara daga hannun mafi yawan mutane, reza ta kwabo ta karɓe aikin fiƙe fensir da yanke farce, abinci ya fara zuwa a yanke cikin leda, mutane suka bar gona da garke suka koma ofis da kanti, inda mutum kan yi mako guda bai ci karo da igiyar da za a yanke ba. A 1913 Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield, wanda ni'ima ce babba ga matan gida da masu abinci, amma da injuna suka haɗu da wannan ƙarfe, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai kasuwa ta cika da wuƙaƙe masu arahar da ba ta barin mutum ya yi tunanin wasa su. Idan ta dakushe a jefar a sayi wata. Masana'antu na da suka kasa gasa da wannan araha suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya: a Amurka kamfanin Schrade ya rufe a 2004, Camillus ya bi shi a 2007 bayan fiye da shekara ɗari yana aiki, Queen kuma a 2018. Ƙauyen Laguiole kansa ya yi shekaru masu yawa ana ƙera wuƙar da ke ɗauke da sunansa a Thiers, sai a 1987 aka sake kunna wutar maƙera a cikinsa, kuma har yau kasuwannin duniya cike suke da jabun da aka yi a ƙasashe masu nisa, saboda sunan ya daɗe bai sami kariyar da za ta hana kowa buga shi a jikin ƙarfe ba.

Na biyu shi ne tsoro, kuma wannan ya fi na farko ƙarfi. A Japan, akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ake kira Higonokami, wadda ake ƙerawa a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a da kusan kowane ɗan makaranta yana da ita a jakarsa domin fiƙe fensir, kamar dai almajiranmu da alƙalumansu. A 1960 wani saurayi ɗan shekara 17 ya kashe shugaban wata jam'iyyar siyasa, Inejiro Asanuma, da gajeren takobi a gaban jama'a, sai aka tayar da gangami na raba yara da wuƙa a faɗin ƙasar, sana'ar ta durƙushe, har ya zama gida ɗaya tak ya rage mai haƙƙin buga wannan suna. A Ingila dokar 1988 ta hana ɗaukar wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in banda 'yar ƙarama mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma kotuna sun fassara cewa wadda ke kullewa idan an buɗe ta ba ta cikin wannan rangwame. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgin sama da wuƙa, cinikin kamfanin Victorinox na Suwizalan, wanda tun 1891 ake danganta shi da wuƙar sojan ƙasar, ya faɗi da kusan sulusi, abokin gasarsa Wenger kuma ya raunana har Victorinox ya saye shi a 2005. Mu kuma namu dalilin ba sai an tuna wa kowa ba: tun da 'yan daba suka mayar da wuƙa alamarsu a unguwannin biranenmu, aka kuma shiga shekarun rashin tsaro da shingayen bincike a kan hanyoyi, dattijon kirki ma yakan yi tunani sau biyu kafin ya sa wuƙa a aljihun 'yar ciki. Ban ga laifin hukuma a kan wannan ba, domin tunkuɗe ɓarna yana gaba da janyo amfani, amma ba zan ɓoye ba cewa akwai baƙin ciki a ganin yaro ya tashi bai san wuƙa ba sai a hannun mahauci ko a hannun ɗan ta'adda.

Daga waɗannan biyu ne abu na uku ya fito, wanda shi ne asalin mas'alarmu. Da masu ƙera wuƙa ta ƙwarai suka ƙaranta, sai abin da suke ƙerawa ya zama abin nema ruwa a jallo. Stan Shaw, ɗaya daga cikin na ƙarshe a tsofaffin maƙeran Sheffield masu aiki su kaɗai, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94, sai mutum ya yi shekaru a layi kafin ya sami wuƙa daga hannunsa. A Titusville ta jihar Pennsylvania an kafa kamfanin Great Eastern Cutlery a 2006 domin ya farfaɗo da siffofin da, da ƙarfe irin na da mai tsatsa, da ƙotar ƙashi da ƙahon barewa, kuma saboda kaɗan-kaɗan yake fitar da kowane iri, sau da yawa kaya kan ƙare a hannun dillalai cikin ɗan lokaci, sa'an nan su sake bayyana a kasuwar bayan fage da farashi mai ninki. Nan ne aka sami sabon mai saye, wanda bai taɓa kiwo ba, bai taɓa fiƙe alƙalami ba, yana da wuƙaƙe hamsin ko ɗari a durowa, kowace a cikin kwalinta da takardar da aka naɗo ta, domin ya san cewa ranar da ya yanka albasa da ɗaya daga ciki, ranar ce rabin kuɗinta ya tafi.

Ba na son in zalunci waɗannan mutane, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna cewa abin da ke aljihu yana faɗuwa: a bar shi a kan teburin mai abinci, ya zame a kujerar mota, a manta da shi a jaka har a isa wurin binciken filin jirgi a karɓe, kuma asarar wuƙar da ba za a sake ƙera irinta ba ta fi asarar kuɗi ciwo. Suna cewa makulli yana karce ƙota, gumi yana cin ƙarfe, ƙaho yana tsagewa idan ya faɗi a kan siminti, kuma wulaƙanta dukiya ba ya cikin ɗabi'un masu hankali. Tun da wuƙar Opinel, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na ta hannun gwani ba, tana yanka igiya kamar yadda waccan ke yankawa, mene ne fa'idar jefa mai tsada cikin hatsari? Wasunsu kuma suna cewa su masu tsaron tarihi ne, da ba domin irinsu ba da babu wanda zai san yadda wuƙar 1900 take sabuwa. Wannan hujja ta ƙarshe na karɓe ta, amma da iyaka. Wuƙar da mai ƙera ta ya mutu kuma irinta ta ƙare, ko wadda mutum ya gada daga mahaifinsa kuma wasa ya riga ya cinye ta saura ƙiris, ajiye ta amana ce, kuma wurin da ya fi dacewa da ta farkon shi ne gidan tarihi inda kowa zai gani. Amma wuƙar da aka ƙera bara, maƙerinta yana raye, wutarsa tana ci, yana kuma neman wanda zai sake saye, babu wani tarihi da ake tsarewa ta hanyar kulle ta.

Abin da nake gani ya rikita mas'alar shi ne an haɗa tsada iri biyu an kira su da suna ɗaya. Akwai tsadar da ke zuwa daga kyan ƙarfe, da ƙwarewar wanda ya san daidai zafin da zai ba shi kafin ya tsoma shi ya kuma sake ɗumama shi domin kada ya yi taurin karyewa, da kwanakin da aka kashe ana daidaita sifirin na baya har wuƙa ta buɗe a hankali ta rufe da ƙara ɗaya ba tare da kaifinta ya taɓa komai ba, da ƙotar da aka goge har babu inda farce zai kama tsakanin ƙashi da ƙarfe. Wannan tsada haƙƙin mai sana'a ce, kuma duk abin da aka biya dominsa ba ya bayyana sai a wurin aiki: kaifin da ke daɗewa, ƙusar da ba ta sassautawa bayan shekara ashirin, ƙotar da ba ta gajiyar da hannu. Wanda ya biya kuɗin waɗannan sa'an nan ya ƙi amfani da su, misalinsa kamar wanda ya sayi ingarman doki ne ya ɗaure a turke, yana ba shi dawa da harawa safe da yamma, amma bai taɓa ɗaura masa sirdi ba don gudun kada ya yi gumi. Akwai kuma tsada ta biyu, wadda ke zuwa daga azurfa da zinariya da aka liƙa, da lambar da aka buga wai guda ɗari kaɗai aka yi a duniya, da hauren giwa wanda tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Wannan ba ta ƙara wa kaifi komai, kuma malamanmu sun riga mu magana a kanta: Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, a cikin Risala da kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan yake karantawa, ya halatta ado da azurfa ga zobe da takobi da Mus'hafi, amma ya ambaci wuƙa da sunanta, tare da linzami da sirdi, a cikin abubuwan da ba a yi musu wannan ado. Ban san wata magana da ta fi wannan bayyana matsayin wuƙa ba: kayan aiki ce, kuma shari'a ta so ta zauna a haka.

Har ila yau, wanda yake sayen wuƙaƙe yana ajiyewa da niyyar farashinsu ya tashi ya sayar, ya kamata ya san cewa ya fita daga babin mai amfani da kayansa, wanda babu zakka a kansu, ya shiga babin 'yan kasuwa masu jiran kasuwa, waɗanda mazhabar Malikiyya ta wajabta musu zakka idan suka sayar kuma kuɗin ya kai nisabi. Ciniki halal ne, ban hana kowa ba. Sai dai ya kira kansa ɗan kasuwa, kada ya ce son sana'ar maƙera ne ya kai shi, domin maƙeri ba ya ƙaruwa da komai daga ribar da ake ci a bayansa, kuma mutumin da yake buƙatar wuƙar domin aiki shi ne ake hana wa samu.

Ina da wuƙa irin ta Laguiole mai ƙotar ƙaho, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba, kuma tun da ta zo hannuna take aiki. Ƙarfenta irin na da ne, saboda haka lemo da albasa da nama sun canza launinsa daga fari zuwa toka-toka mai ratsin shuɗi, kuma wannan launi, saɓanin abin da mai kallo zai zata, yana taimakawa wajen kare ƙarfe daga jar tsatsa mai ci. Ƙahon ya yi duhu a inda babbar yatsa ke zama. Na koyi cewa a goge ta bayan kowane aiki, a ɗiga mata mai a gaɓa lokaci-lokaci, kada a bar ta cikin jiƙaƙƙen tufa da damina, kada a yi kwaikwayon sukuddireba da bakinta, kada kuma a bar ta ta rufe da ƙarfi. Na koyi wasa a dutse, da kwantar da ruwan wuƙa daidai gwargwado, da jin ɗan zaren ƙarfe da ke tasowa a ɗaya gefen wanda ke shaida cewa wasa ya kai, da goge shi a bayan fata. Wannan ilmi ne, ko da ƙarami ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a hadisin da Muslim ya ruwaito da a wasa wuƙa kafin yanka domin a hutar da dabba; amma duk shekara ranar layya sai ka ga magidanta a tsaye da wuƙaƙe sababbi dakusassu, suna jiran mai wasa ya zo wucewa, domin wuƙa mai araha ba ta taɓa tilasta musu koyo ba. Mai tsada ita ce ke sa mutum ya kula, kulawa kuma ita ce ke haifar da iyawa, kuma wannan fa'ida ba ta samuwa ga wuƙar da ke kwance a akwati, balle ta wuce daga uba zuwa ɗa.

Game da tsoron ɓata kuwa, amsata gajeruwa ce. Wanda ɓatan wuƙa zai hana shi barci, ko zai taɓa abincin iyalinsa, ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa tun farko, kuma wannan shi ne israfi, ko ya ɗauke ta ko ya ajiye. Ya nemi wadda zai iya jure rabuwa da ita, akwai masu kyau a kowane mataki na farashi. Wanda kuma yake da hali, ya ɗinka mata 'yar jakar fata a wajen dukawa, ya ware mata aljihu guda wanda babu makulli a ciki, ya saba da taɓa wurin idan zai tashi, kamar yadda yake yi wa wayarsa, wadda galibi ta fi wuƙar tsada amma bai taɓa tunanin barin ta a gida ba.

Sai dai ɗauka tana da ladubba, kuma wanda bai kiyaye su ba gara ya bari. Ya san dokar ƙasar da yake ciki ya tsaya a kanta, domin biyayya ga hukuma a abin da ya shafi tsaron rayuka wajibi ne. Kada ya shiga da ita makaranta, ko kotu, ko filin jirgi, ko taron siyasa, ko duk inda ake cunkoso da tashin jijiyar wuya. Kada ya fito da ita sai da aiki a gabansa, kada ya nuna kowa da ita ko da wasa, kuma idan zai miƙa wa wani ya rufe ta tukuna; hadisai sun zo da umurni ga mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya kama bakinsu domin kada ya ji wa wani rauni, sun kuma zo da hani a kan miƙa takobi a zare. Wanda ya san zuciyarsa tana da saurin tashi, ya bar wuƙa a gida ko da ta kyauta ce. Wanda kuma yake ɗaukar ta da niyyar faɗa, ba da shi nake magana ba sam, domin wuƙar da ake buɗewa da farce da hannu biyu ba a yi ta don wannan ba.

Hukuncina ke nan: wuƙa mai tsada saboda kyan aikinta a ɗauke ta kullum, a inda doka ta yarda, a yi aiki da ita har wasa ya rage ta, mai tsada saboda ado kuwa kada a saya tun farko. Ga mai karatu na ƙasar nan da ba zai taɓa zuwa Aubrac ko Sheffield ba, ina ba shi shawara ya nemi maƙerin garinsu tun yana da sauran ƙarfin ɗaga masaba, ya faɗa masa irin aikin da yake so wuƙa ta yi masa, ya biya shi kuɗin da ya yanka ba tare da tayi mai karya zuciya ba, sa'an nan idan ya karɓo ta ya zaunar da ɗansa ya koya masa yadda ake wasa ta da yadda ake miƙa ta ga wani.